Kwanon Baba da Gashin Duna

Ruwan bana ya zo da wuri, kuma da fushi ya zo. Talatar da ta wuce na tsallaka gada zuwa kasuwar Suk al-Shabi don in sayo ledar da za mu lulluɓe kan katanga, 'yata Amal na biye da ni tana mitar taɓo. A tashar motoci, ƙarƙashin wata hafila, wato bas, da ta mutu, na hangi kare a kwance. Rabin jikinsa babu gashi, fatar ta yi toka-toka, yana ta cizon ƙafarsa ta gaba. Na tsaya cak a tsakiyar hanya har masu tura amalanke suka fara yi mini tsawa.

"Yumma, malik? Kare ne fa kawai," in ji Amal, ita da ba ta iya kai zance ƙarshe da Hausa sai ta tsoma Larabci a ciki. Ta ce ai yanzu a Hartum akwai shagon da ake sayar da sabulun karnuka da ƙwayoyinsu, har da likita mai farar riga. Na ce madalla. Ban gaya mata saura ƙiris in ce wa karen nan sannu ba, yadda matan layinmu suka riƙa yi wa namu a wata damina, shekara talatin da wani abu ke nan.

Shekararmu ta biyu ce a Dar Salam, wata unguwa a gefen Umdurman. Baba ya ƙarar da ƙarfinsa a Jazira, yana tsintar auduga da ban ruwa a gonakin wasu, muna zaune a kambo, wato bukkokin 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki. Da jiki ya fara ba shi haƙuri sai muka hau bayan babbar mota zuwa Umdurman, da gadajen igiya biyu irin waɗanda ake kira angarib, da tukwane, da awaki uku, da karenmu Duna. Dar Salam a lokacin fili ne fetal, ko itace ɗaya babu, sai jar ƙasa da rana. Ruwan sha jakuna ke jawo shi a ganga. Baba ya gina ɗakuna biyu na laka da hannunsa, nasa ɗaya, namu da Inna ɗaya. Ni kuwa ina da shekara ashirin, aurena na fari ya mutu na dawo gida, ina sayar da soyayyar gyaɗa a Kasuwar Umdurman. Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa kowa ke kirana Uwani.

Duna baƙi ne wuluk, shekara tara yana tsaron awakin Baba. Ban taɓa ganin Baba ya taɓa shi da hannu ba, da tafin ƙafa yake shafa masa wuya. Inna kuwa ba ta ƙaunar ko inuwarsa. In ya kusanci tukunya sai takalmi ya bi shi, tukunyar kuma ta sha wanki bakwai.

Kafin ruwan, an yi wani zafi da ban sake ganin irinsa ba. Iska ta tsaya, ƙudaje ma sun daina tashi. Sai gabas ta haɗe, aka kwana uku ana zuba ba ƙaƙƙautawa. Gidan laka ba ya faɗuwa da ƙara. Jiƙewa yake yi daga ƙasa, ya yi laushi, sa'an nan ka ji wani nishi mai tsawo, ka waiwaya ka ga katanga ta zauna. Duk layinmu aka fito, maza na haƙa wa ruwa hanya da shebur, mata muna kwasar taɓo a tasa muna toshe gindin ɗakunan da suka rage. Ɗakinmu ya tafi, ya danne awaki biyu, ta ukun muka yanka kafin ta bi su. Ɗakin Baba ne kaɗai ya tsaya, sai dai ya tsage ta baya. Ni da Inna muka kafa rumfar buhuna a tsakar gida, irin wadda mutanen nan ke kira rakuba. Da Duna ya rasa busasshen wuri sai ya lallaɓa ƙarƙashin angarib ɗin Baba. Inna ta ɗauko takalmi, Baba ya ce a bar shi.

Bayan ruwa sai yunwa. Hanyoyi sun yanke, dawa ta yi wuyar gani, itacen girki duk ya jiƙe. Kisrar da Inna ke yi, wato wainar dawa mai faɗi, ta yi siriri har kana hango tafin hannunka ta cikinta, miya kuwa busasshiyar kuɓewa ce da gishiri. Ruwa ya kwanta a fili iya ganinka, ba motsi, sararin sama na ciki. Da rana tsaka unguwa takan yi tsit, sai kukan kwaɗi da ban san daga ina suka fito ba a wannan hamada. Sai da aka yi kwana goma motar agaji ta iso bakin unguwa. Aka raba wa kowane gida madarar gari a leda, aka ce za a riƙa kawowa. Inna ta ɗaure tamu a cikin garwa ta ce ba mai taɓawa, ta maigida ce.

Tun kafin damina abinci ke tsaya wa Baba a ƙirji. Sau ɗaya muka kai shi asibiti, likita ya yi dogon bayani da Larabci ya ba shi takarda. Baba ya ninke ta ya sa a cikin hularsa, bai sake komawa ba. Tuwo ya gagare shi, kisra ta gagare shi, kullum kwanonsa na dawowa yadda aka kai shi.

A gidanmu ba a kallon maigida yana cin abinci. Haka Inna ta taras a gidan ubanta, haka ta riƙe. Takan durƙusa ta ajiye kwano a kan 'yar kujera kusa da gado, ta saki labule, ta koma can nesa ta juya baya. Shekara talatin da aure ba ta taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba, kamar yadda ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ranar da ta dama masa kunun gero da madarar nan, ta shiga ɗauko kwano, sai ta fito da sauri.

"Uwani, zo ki gani. Ya shanye."

Wayam, ko ɗigo babu. Da la'asar ma haka, washegari ma haka. Inna ta dawo da waƙe-waƙenta na bakin murhu, ta koma cin nata rabon da ta daɗe tana turo mini. Ni ma na yi murna, ba zan ɓoye ba.

Mako biyu da haka Duna ya fara susa. Da azahar, in unguwa ta yi shiru, sai ka ji kar-kar-kar daga bayan labule, har igiyoyin gadon na rawa. Yana lasar ƙafafunsa har suka yi ja, kunnuwansa suka fara warin ƙullun da ya kwana. Gashin ya soma zuba ta gewayen idanu, sa'an nan ciki, sa'an nan hammata. Kowace safiya in Inna ta shiga shara sai ta tarar da baƙin gashi curi-curi manne da danshin ƙasa, daga ƙarƙashin gado har bakin ƙofa.

Maƙwabciyarmu Hajja Kaltume ce ta fara ba abin suna. Kakanninta da ƙafa suka taso daga Kano za su Makka, suka tsaya a Sudan suka yi zamansu, kuma ba abin da zai faru a duniya da ba ta da labarin irinsa daga wannan tafiyar. Ta shigo aron garwashi, ta ga abin da ke kan tsintsiyar Inna, ta dafe ƙirji.

"Ya Hadiza, kada ki kuskura ki zuba wannan a bola. Tun yaushe maigidan ya fara ci?"

Inna ta ce ya kai kwana ashirin.

"Karen fa, tun yaushe?"

Inna ta dubi tsintsiyar, ta shiga ƙirga kwanakin da yatsu.

"Ɗauke masa yake yi," in ji Hajja, ta rage murya. "Dabba in tana son mai ita takan shiga tsakaninsa da abin da ya zo ɗaukarsa. Kakana zazzaɓi ya kwantar da shi a hanyar Fashir, har an fara neman inda za a haƙa. Sai jakinsa ya daina cin ciyawa. Wallahi ranar da jakin nan ya faɗi, ranar kakana ya miƙe ya ɗauki kayan a ka. Kada ki bari kowa ya yi wa karen nan magani. In ya warke, ciwon zai koma inda ya fito."

Daga ranar Inna ta ajiye takalmi. Takan tattara gashin ta ƙulle a tsumma, ta fita da hantsi ta binne shi a bayan unguwa ta wajen yamma. Wani direba ya ce a shafa wa karen baƙin man mota yadda ake yi wa raƙuma masu ƙazuwa, Inna ta kore shi har bakin layi. Labari ya bazu. In Duna ya fito shan iska mata sukan kauce masa a hanya, wata ta ce, "Sannu, bawan Allah," wata ta ce, "Allah ya ba da lada." Da farko dariya nake yi. Daga baya na daina.

Abin da ya hana ni dariya fuskarsa ce. Da gashin ya ƙare a kanta sai fatar ta yamutse ta yi fari-fari, idanun suka fito tsirara, ya koma kamar wani dattijo. Yakan zauna a bakin ƙofar Baba ya zuba maka ido, ba irin kallon kare mai jiran ƙashi ba, kallo mai tsawo wanda sai kai ka fara kawar da kai. Kuma ya koyi wani haɗiye miyau da ƙyar, ƙwat, wanda Baba kaɗai na sani da shi. Wata rana da azahar na ji tari a bayan labule, na ce, "Sannu, Baba." Sai labulen ya motsa, Duna ya fito ya tsaya yana kallona. Na leƙa, Baba barci yake yi. Ranar ban iya shan ko ruwa a gidan ba sai da na fita.

Amma ni mai awon gyaɗa ce, idona ya saba da abin da ya ƙaru da abin da ya ragu. In Baba ya miƙo hannu karɓar buta, sai in ga tsintsiyar hannunsa ta ƙara tsukewa. Na gaya wa Inna, ta ce ciwo ta rama yake fita. Duna kuwa, duk da ƙurajen da suka cika shi, haƙarƙarinsa ya ɓace, wuyansa ya yi kauri, a shekarar da karnukan unguwa ke faɗuwa don yunwa.

Da hanya ta buɗe na koma kasuwa. Akwai wani tsohon Balarabe, Ammu Siddig, wanda ya yi aikin malamin dabbobi a kasuwar shanu har ya yi ritaya. Kullum yakan sayi gyaɗa a wurina ya tsaya yana ɓarewa yana ba ni labarin da ban tambaye shi ba. Ranar ni na tambaye shi. Ban ce masa komai game da zancen Hajja ba, na dai kwatanta masa karen.

"Ku mutanen gida kuna susa? Hannunku ya yi ƙuraje?"

Na ce a'a.

"To ba ƙazuwa ba ce, da ta kama ku. Ta gindin wutsiya ya fara?"

Na ce a'a, ta fuska da ƙafafu da ciki.

"Da ta wutsiya ce sai in ce ƙuma, don akwai karen da cizon ƙuma ɗaya ke fige masa baya duka. Kunnensa na wari? Cikinsa na gudu?"

Na ce duka biyun.

"Hasasiya ce, ya bitti. Kin san mutumin da in ya ci kifi borin jini ke taso masa, alhali kowa ya ci lafiya? Haka wasu karnukan suke. Wani ƙwai ne, wani naman shanu, wani madara. Jikinsa ne ke faɗa da abin, ƙaiƙayi ya hana shi sakat, ya yi ta susa da lasa har gashin ya kakkarye, fatar ta buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga. Me kuka sabunta masa a abinci?"

Na ce ba ma ba shi komai sai ƙanzon tukunya, shi ma ba kullum ba.

"Ya rame?"

"Ƙiba ma ya yi."

Ammu Siddig ya hure ɓawon gyaɗa daga tafinsa ya dube ni. "To akwai mai ba shi."

Ban jira yamma ba na naɗe tabarmata. Na iso gida daidai lokacin da Inna ta saki labule ta koma rakuba ta juya baya. Na zagaya bayan ɗakin, na sa ido a tsagar da ruwa ya yi. Allah ya yafe mini, abin da ba a yi a gidanmu na yi. Baba ya ɗauki kwanon da hannu biyu, ya yi bisimilla, ya kurɓi kaɗan. Ya riƙe a baki, ya miƙa wuya sama, jijiyoyin suka fito. Ya yi ta kokawa da wannan kurɓi ɗaya. Sai ya dawo, ya tare shi da tsumma. Ya huta, ya sake gwadawa, ya sake dawowa. Daga nan ya sauke kwanon ƙasa a hankali don kada ya yi ƙara. Duna ya fito da kansa daga ƙarƙashin gado ya shanye tas, Baba na shafa masa wuya da ƙafa.

Na zauna a cikin taɓo na yi kuka ba sauti. Sa'an nan na yi wauta irin ta mai shekara ashirin. Na ce a raina, in babu karen dole Baba ya ci. Da asuba na sa wa Duna igiya na kai shi wani kango da masu shi suka gudu bayan ruwa, na ɗaure shi a can.

Na bi abin da Ammu Siddig ya ce ɗaya bayan ɗaya. Abinci iri ɗaya kawai, tuwon dawa da ɗan busasshen kifi, ba madara ko ɗigo. Duk kwana uku in dafa ganyen nim, wato darbejiya, da nake tsinkowa a Umdurman, in bari ya huce, in ɗaure leda a hannu in wanke shi, in bar shi a rana ya bushe sarai. Inda fatar ta tsage in shafa man riɗi. Ƙafafun na naɗe su da tsumma don ya daina cizo, buhun da yake kwanciya a kai kuma kullum in shanya shi saboda ƙuma. Ammu Siddig ya ce kada in sa ran gashin ya cika kafin wata biyu, amma ƙaiƙayin zai lafa da wuri.

A gida kuwa kwano ya dawo a cike. Safe a cike, la'asar a cike, kwana uku a jere. Inna ta daina waƙa, ta daina cin nata. Da ta gano inda karen yake da abin da nake yi masa, ta zo har kangon, ta tsaya a kaina ina tsugune da ruwan nim.

"Uwani, ubanki kike so ki kashe?"

Ban taɓa jin muryarta haka ba. Na buɗe baki in faɗa mata abin da na gani, sai na tuna ta inda na gani. Na ci gaba da wanke karen. Ta ce kafin rana ta faɗi karen ya koma inda yake.

Baba ne ya kira ni da azahar, Inna ta tafi layin ruwa. Muryarsa ta koma raɗa.

"Uwata, ina abokina?"

Na durƙusa na faɗa masa duka, har leƙen da na yi. Bai yi faɗa ba. Da na zo kan cewa madarar ce ke zubar wa Duna gashi, ya daɗe yana kallon azarar ɗaki.

"Ashe ni nake fige shi," ya ce. "Shekara tara yana tsare mini awaki." Ya haɗiye miyau da ƙyar. "Saurara. Hanyar ta rufe, ko ruwa sai na lallashe shi yake wucewa. Na sani tun ranar asibiti. Amma uwarki in ta ga kwano wayam tana cin nata, in ya dawo a cike ita ma ba ta ci. Kada ki dawo da shi. Ki dai san yadda za ki yi da kwanon."

Da Inna ta dawo ya ce mata ta bayan labule a bar karen inda yake, warinsa ne ke hana shi ci, kuma daga yau Uwani ce za ta riƙa ɗauko kwano. Maganar maigida ce, ba ta musa ba.

Haka na gaji Duna. In shiga, in saki labule, in juya wa Baba baya, in kafa kai a kwanon in shanye a tsaye. Zuba shi a ƙasa bai ko zo mini a rai ba, a shekarar nan wa zai zubar da madara? Abin da har yau yake cina shi ne daɗin da na ji. Kunu ne mai kauri da sukari, ni kuwa na yi wata biyu cikina bai cika ba. Ubana na kwance a bayana yana jin ƙarar maƙogwarona, ni kuma ina lashe baki. Na tsani kaina safe da yamma, kuma kullum ina ɗokin lokacin ya yi.

Inna ta koma cin abinci, amma waƙar ba ta dawo ba. Ruwan fili ya fara janyewa, ƙasa ta tsattsage, sauro ya ragu. A kango ƙurajen Duna suka bushe, ya daina susa, wani gashi mai laushi ya fara tsirowa a gewayen idanunsa. Matan layi suka daina gaishe shi, suka koma kallon ƙofar Baba suna ƙus-ƙus. Inna takan je ta tsaya daga nesa ta dubi karen, ta dawo ta dubi kwanon da na fito da shi wayam. Ta rasa yadda za ta haɗa biyun. Karen ya sauke kayan, maigida kuma yana ci, to wa ke ɗauke da su yanzu?

Sai ta fara kallona. Kumatuna sun ciko, zanena ya daina zamewa. Wata safiya ina daka ta zo ta bayana, ta zame mini ɗankwali ta tura yatsunta cikin gashina, ta ja a hankali, ta duba tafin hannunta. Washegari ma haka. Hannunta sanyi ƙalau.

Ran Juma'a da la'asar ina tsaye da kwano a baki, labule ya ɗaga. Ban ji takun Inna ba. Muka tsaya mu uku ba mai motsi, kunu na gangaro mini a haɓa. Na ɗauka mari zan sha. Ta dubi Baba, karo na farko da na ga ta dube shi ido cikin ido, ta ga abin da ya rage a ƙarƙashin mayafin. Sa'an nan ta karɓe kwanon daga hannuna.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da biyu, Inna."

"La'ilaha illallahu. Yarinyar da ko haihuwa ba ta yi ba." Ta juya ga Baba. "Malam, da ka ce mini. Da ka ce mini ni."

Na fara yi mata bayanin hasasiya da abin da Ammu Siddig ya faɗa, cewa madara ce kawai ba ta karɓi karen ba, ba wani abu da ke bin kwano. Ko kallona ba ta yi ba. Ta zauna a bakin gadon, inda ban taɓa ganin ta zauna da rana ba, ta yi bisimilla, ta shanye ragowar a gabansa. Ta goge baki ta ce in fita.

Daga ranar ita ke shiga da kwano, ta saki labule, ta daɗe a ciki. Wani lokaci in ji suna magana ƙasa-ƙasa, sau ɗaya ma na ji Baba ya yi dariya. In ta fito takan ɗaga kwanon yadda Hajja Kaltume za ta hango ta kan katanga, ta ce, "Ya shanye, alhamdulillahi." Ni kuwa ta hana ni ko wanke shi.

Baba ya rasu da hantsi, bayan kwana goma sha shida, lokacin da ƙasa ta bushe har aka samu inda za a haƙa. Na kwance Duna ranar. Ya shiga ɗakin, ya shinshina ƙarƙashin gadon, ya fito ya kwanta a bakin ƙofa. Kafin sanyi ya shigo ya koma baƙi wuluk, ba za ka ce ya taɓa ciwo ba. Hajja Kaltume ba ta sake yi mini magana ba sai bayan shekara.

Inna ta shiga takaba da farin zane, a tabarma take kwana, kitson da ke kanta ba a taɓa shi ba wata huɗu da kwana goma. Ranar fita, bayan ta yi wanka, ta zauna a tsakar gida ta ce in tsefe mata. Na kama kitso na farko na fara warwarewa, sai ya biyo hannuna gaba ɗaya. Na kama na biyu, shi ma haka. Na sa mataji, ya fito a cike. Fatar kanta ta bayyana wuri-wuri, fari-fari. Na san yunwa na zubar da gashi, baƙin ciki ma yana zubarwa, likitoci sun sha gaya mini daga baya. Na kuma san Inna ta ƙara shekara goma sha tara a duniya tana cin tuwonta lafiya. Amma a ranar na yi ƙoƙarin tura gashin ƙarƙashin cinyata kada ta gani.

Ta kama hannuna ta buɗe shi. Ta daɗe tana kallon abin da ke ciki. Sa'an nan ta juyo ta zame mini ɗankwali, ta tura yatsunta cikin gashina ta ja da ƙarfi har na yi ƙara. Ta duba tafinta, ko sili ɗaya babu.

Ta sauke ajiyar zuciya, ta gyara zama ta ba ni baya.

"Alhamdulillahi, na tare ciwon kafin ya kai gare ki," ta ce. "Ci gaba da tsifar."